Kurakuran masu rubuta manhaja da AI, da yadda ake gyara su

Kuskuren da ya fi wuyar ganewa shi ne mutum ya auna saurin aikinsa da yadda yake ji a ransa. A 2025 ƙungiyar bincike ta METR ta gwada ƙwararrun masu rubuta manhaja 16 a kan ayyuka 246, a cikin manhajojin da suka daɗe suna aiki a kansu. Kafin a fara, sun zaci ƙirƙirarriyar basira ta AI za ta rage musu lokaci da kashi 24 cikin ɗari. Da aka duba agogo, sai ga shi lokacin ya ƙaru da kashi 19. Ko bayan an gama ma, suna nan a kan bakansu cewa ta rage musu kusan kashi 20. Lokacin kuwa ya tafi ne wajen rubuta umarni, da jiran amsa, da gyaran abin da ya fito. Mutum 16 ba su da yawa, kuma kayan aikin na farkon 2025 ne, don haka ban ce a yar da AI ba. Ka dai riƙa rubuta ranar da ka fara aiki da ranar da ya isa hannun masu amfani bai dawo ba. Yawan layukan kod, wato rubutun umarnin da ake gina manhaja da shi, ba ma'auni ba ne.

Sai karɓar kod ba tare da an karanta ba. Kod ɗin AI yakan zo tsaf-tsaf, har da bayani a gefe, sai a riƙa yi wa rogo kallon kitse. Masu bincike a Jami'ar New York sun gwada GitHub Copilot, wata manhajar AI mai rubuta kod, a 2021, a wuraren da tsaro ke da muhimmanci, suka tarar kusan kashi 40 na abin da ya rubuta yana da kafar da ɓarawo zai iya shiga. Ka nemi aikin kaɗan-kaɗan, gwargwadon abin da za ka iya karantawa a zama ɗaya. Layin da ba za ka iya yi wa abokin aikinka bayaninsa ba, kada ka shigar da shi. In kuma AI ce ta rubuta gwajin da ke tabbatar da kod ɗin yana aiki, ka duba me gwajin ke gwadawa, don ɗalibin da ya shirya wa kansa jarrabawa ba ya faɗuwa.

AI takan ƙirƙiro sunan laburaren da babu shi; laburare shi ne shiryayyen kod ɗin wasu da ake saukewa a yi amfani da shi. 'Yan kutse na iya riga kowa yin rajistar wannan suna, su cusa mugun kod a ciki. Kafin ka sauke, leƙa PyPI ko npm, shafukan da ake ɗora laburare, ka ga wa ya ɗora shi, kuma yaushe.

Batun sirri ba ya buƙatar dogon bayani. A 2023 ma'aikatan Samsung sun liƙa kod ɗin kamfani a ChatGPT, abin da ya sa kamfanin ya hana amfani da shi a na'urorinsa. Kalmar sirri da bayanan abokan ciniki ba sa shiga akwatin hira.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne ba AI ikon da ya wuce aikinta. A Yulin 2025 AI ɗin Replit, wani dandalin rubuta manhaja, ta goge rumbun bayanan kamfanin SaaStr, alhali an umarce ta kada ta taɓa komai. Gargaɗin baki ba kwaɗo ba ne. Ka raba rumbun gwaji da na ainihi, ka ba ta izinin karantawa kawai inda ya isa, ka ajiye kwafin bayanai da ka taɓa gwada maido da shi, kuma duk umarnin gogewa ya jira sai kai da kanka ka danna.