Yadda Ake Rage Kuɗin Dizal a Jirgin Ruwa

Mu mutanen Zango a nan Ghana ba a san mu da teku ba. An san mu da goro da shanu da hatsi da canjin kuɗi. Amma akwai 'yan uwanmu a Nima da Mamobi da Ashaiman waɗanda suka zuba jari a jirgin kamun kifi, su suna tudu, dukiyarsu tana kan ruwa a hannun wasu. Kawuna yana cikinsu. Yana da jirgin katako mai inji a ciki a tashar masunta ta Tema, kuma tunda yake bai taɓa wuce bakin gaɓa ba. Ranar da ya miƙa mini littafin lissafinsa cewa ya yi: “Ɗana, duba mini nan. Kifi yana zuwa, kuɗi ba sa zama. Duk wanda na tambaya sai ya ce mai ne ya yi tsada.”

Mai ya yi tsada, ba musu. Sai dai da na zauna da littafin na gane cewa abin da muke yin asara a kan ruwa ya ninka abin da gidan mai yake ci a jikinmu. Ga abin da muka bi, bi da bi.

Kafin nan, a raba abu biyu. Manyan kwale-kwalen da ake gani a Jamestown da Chorkor a gaɓar Accra, masu injin da ake ratayawa a gefe, ba dizal suke sha ba. Nasu shi ne firimis, wato fetur da aka gauraya da baƙin mai aka rina shi shuɗi, wanda gwamnati ke tallafa wa farashinsa, ake rabawa ta hannun kwamitocin bakin ruwa. Maganata a kan injin dizal ce, ko da yake mai kwale-kwale ma zai tsinci abin amfani. Kuma kada arahar firimis ta ruɗi kowa ya zuba shi a injin dizal. Fetur ba ya da santsin da famfon mai da nozul suke bukata, zai cinye su.

Mataki na farko: ka san abin da injinka yake sha

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A harkar mai, ido ƙarya yake yi. Abin da ake bukata sanda ce mai tsabta, da littafi, da biro.

Ka bari tanki ya kusa ƙarewa, ka zuƙe sauran. Sai ka riƙa zuba lita 20 a lokaci guda, duk zubi ɗaya ka tsoma sandar har ƙasa, ka zaro, ka yi tsaga da wuƙa daidai inda mai ya tsaya. Haka har tanki ya cika. Za ka ga tsagogin ba su yi tazara ɗaya ba, domin yawancin tankunan jirgi suna bin siffar cikinsa ne, ƙasa a tsuke, sama a buɗe. Shi ya sa wanda ya ce maka “saura rabi” don ya ga mai ya kai tsakiyar sanda, wataƙila abin da ya rage bai kai rabin ba. A yi awon jirgi yana tsaye a ruwa mai kwanciya, kuma a yi shi da jarkar da aka tabbatar da cikinta. Jarkokin nan masu ruwan ɗorawa da ake kira galan ɗin Kufuor ba girmansu ɗaya ba, akwai mai lita 20, akwai mai 25. Galan na gargajiya kuwa a nan Ghana lita 4.5 ne. Ka zaɓi lita ka tsaya a kanta, kada ka gauraya.

Daga nan duk fita a rubuta abu biyar: man da aka tashi da shi, wanda aka dawo da shi, awa nawa inji ya yi yana aiki, ina aka je, me aka kamo. Bayan fita goma ka raba litocin da awannin, ka ga abin da yake sha a awa.

Ga ma'aunin da za ka gwada da shi. Injin dizal mai lafiya, idan an taka shi iya ƙarfinsa, yana shan kimanin lita ɗaya a awa a kan kowane ƙarfin doki 5. Inji mai doki 120 ke nan bai kamata ya wuce wajen lita 24 a awa ba, ko da a ce tun daga tashi har dawowa a guje yake, alhali ba haka ake aiki ba. In littafinka ya nuna 30, to man ba ta cikin inji kaɗai yake fita ba. Ko dai akwai yoyo, ko akwai jarka mai sauka da dare. Kada ka yi saurin zargi. Mu da muka duba, tiyon da ke mayar da rarar mai cikin tanki ne ya tsage, dizal yana ɗiga cikin ruwan da ke kwance a ƙasan jirgi, yara suna kwashewa da bokiti suna watsarwa a teku. Har yau Kawu in ya tuna sai ya yi salati.

Mataki na biyu: hannun da ke kan totur

Nan ne kuɗin suke. Jirgi mai nauyi wanda ke keta ruwa da ƙirjinsa, ba irin mai tsalle a saman ruwa ba, yana da iyakar gudun da tsawonsa ya yanka masa. Idan tsawon jikinsa da ke taɓa ruwa mita 16 ne, iyakar tana wajen kilomita 18 a awa. Mai mita 9 kuwa wajen 13 da rabi. Da ka matso kusa da wannan iyaka, ƙarin man da ka ba inji ba gudu yake zama ba, igiyar ruwa yake tarawa. Ka tsaya a baya ka gani da idonka: gindin jirgi ya nutse, hancinsa ya ɗaga, ruwa yana tudu a bayanku, inji yana kuka, amma gudun da ya ƙaru bai taka kara ya karya ba.

A ƙiyasi, in ka rage kashi ɗaya cikin goma na gudu, za ka tsira da kusan kashi ɗaya cikin biyar na man da tafiyar take ci. Mu ɗauka zuwa da dawowa suna cin lita 200, mu kuma ɗauki lita a sidi 15 don sauƙin lissafi. Lita 40 sun tsira, sidi 600 ke nan a fita ɗaya. Abin da ka biya shi ne lokaci: tafiyar awa uku ta ƙaru da minti ashirin. Sannu ba ta hana zuwa.

Yadda za ka gano gudun da ya dace da naka jirgin: ka zaɓi safiyar da teku ta kwanta, a ɗora kayan da aka saba fita da su, ka buɗe manhajar taswira a waya mai nuna gudu. A taka totur har ƙarshe na ɗan lokaci, a rubuta gudun da abin da agogon juyin inji ya nuna. Sai a riƙa sassautawa kaɗan-kaɗan ana rubutawa. Za ka iske wani wuri inda ƙarar inji ta sauka sosai amma gudu bai ragu da yawa ba. A yawancin injuna wurin yana tsakanin kashi 70 da 80 cikin ɗari na cikakken juyinsa. Ka sa fenti ja a jikin totur daidai nan. Gwajin a yi shi zuwa da dawowa, saboda ruwa yana ja ta gefe ɗaya.

Sa fentin ba wuya. Wuyar ita ce bosun, wato shugaban ma'aikatan jirgi, ya yarda. Mutum ne da ya shekara ashirin a teku, ga takwarorinsa suna wuce shi suna ɗaga masa hannu, kai kuma ɗan Nima da ko iyo ba ka iya ba ka zo da biro kana koya masa tuƙi. Na faɗa wa Kawu haka, ya ce: “To kai ka bar wa'azi, ka yi masa maganar aljihunsa.” Gaskiyarsa. A al'adar rabon masunta a nan, sai an cire kuɗin mai da ƙanƙara da abinci kafin a raba abin da ya rage tsakanin mai jirgi da ma'aikata. Duk litar da ta ƙone a banza, har da rabon bosun a ciki. Muka zauna da shi da littafin a buɗe, muka kuma yi masa alkawarin wani kaso na duk man da ya dawo da shi ƙasa da abin da aka saba. Ban sake yi masa maganar totur ba.

Akwai ranar da gudu yake da hujja. In ƙanƙara ta kusa narkewa ga kifi cike, ko hadari ya taso, a taka. Kifin da ya lalace ya fi dizal tsada, rai kuma ya fi su duka.

Mataki na uku: ƙasan jirgi da farfela

Ruwanmu mai ɗumi ne, gansakuka da ƙananan halittun nan masu ɓawo kamar katantanwa ba sa ɗaukar lokaci kafin su lulluɓe katako. Jirgin da ƙasansa ya yi kaushi kamar mai tafiya ne da babbar riga jiƙaƙƙiya. A sa mai nutso ya riƙa kankarewa a kai a kai, kada a jira sai an ga gemu yana reto a ruwa. A 'yan shekarun nan hukuma takan rufe kamun kifi a watan Yuli ga jirage irin namu. Maimakon zaman jiran tsammani, lokacin ne na fito da jirgi tudu, a kankare, a toshe ɓaraka, a shafa fentin da ke hana su mannewa, kafin kakar kifi ta Agusta da Satumba ta kankama.

Farfela kuwa a shafa ta da hannu. In akwai lanƙwasa ko ɓantarewa a fiffike, a gyara. Duk wanda ya ga abin da kogin Odaw ke kwararowa ta tafkin Korle zuwa teku bayan ruwan sama ya san leda da tsumma da tsohuwar raga ba sa ƙarewa a gaɓar Accra, kuma farfela suke naɗewa. Masu aiki a tafkin Volta, wajen Yeji da Dambai, nasu abokin gabar kututturan itatuwan da ruwa ya shanye ne tun da aka gama madatsar Akosombo a 1965.

Wata alama da ake yawan tsallakewa: in an taka totur har ƙarshe amma inji ya kasa kai juyin da aka rubuta a farantin jikinsa, ga baƙin hayaƙi, kuma ƙasan jirgi a kankare yake, to farfelar ta yi masa girma. Canza ta ya fi araha a kan ciyar da ita.

Mataki na huɗu: karanta hayaƙi

Baƙin hayaƙi dizal ne da bai ƙone ba, wato kuɗinka ne ke tashi sama. Ka fara da filtar iska, sannan ka duba ko ɗakin injin yana samun iska, domin an fi son a rufe shi ruf saboda ƙara, inji kuma ya shaƙe. In bai daina ba, a cire nozul a kai wa masu gwaji. Shuɗin hayaƙi baƙin mai ne ke ƙonewa, alamar inji ya fara gajiya. Fari mai kauri wanda ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, ko ruwa ya shiga ko lokacin feshin mai ya goce.

Makanikai da yawa suna cire tamostat, wato na'urar da ke daidaita zafin inji, su jefar, wai ƙasarmu zafi gare ta. Inji mai sanyaya kansa da ruwan teku in ba shi da ita ba ya kai zafin da yake ƙona mai da kyau. A mayar da ita. Haka barin inji yana kaɗawa awa guda a tasha ana loda ƙanƙara ana hira, ba abin da yake ƙara masa. Minti kaɗan sun isa.

Mataki na biyar: nauyi da hanya

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka a kwashe ruwan da ke taruwa a ƙasan jirgi kafin a tashi. Tsohuwar raga da mataccen batir da duron da ba a amfani da shi su sauka. A raba kaya yadda jirgi zai zauna daidai.

A gaɓarmu ruwa gabas yake ja galibi, iska kuma daga kudu maso yamma take busowa, tana ƙara ƙarfi da rana. Mai nufar yamma daga Tema, wajen Winneba, gara ya yi sammako. Wuraren da aka taɓa samun kifi a ajiye su a waya, a daina yawon lalube.

Mataki na shida: sayen man kansa

Tun 2015 gwamnati ta sakar wa kamfanoni su yanka farashinsu, ƙarƙashin sa idon NPA, hukumar da ke kula da harkar mai ta ƙasa, kuma farashin yana sauyawa sau biyu a wata, ranar 1 da ranar 16. Kwana biyu ko uku kafin nan rediyo da jaridu sukan faɗi inda aka dosa. In hawa zai yi, ka cika duro tun da wuri. In sauka ce, sayi na fita ɗaya ka jira. Tsakanin gidan mai da gidan mai ma akwai bambanci, kuma ga mai sayen lita ɗari biyar, 'yan fesuwa, wato kwabban sidi, a kan lita ba abin rainawa ba ne. In masu jirgi uku ko huɗu suka haɗa kuɗi suka saya tare, suna da bakin neman ragi.

Man bayan fage, wanda ake kawo maka a jarka da magariba a farashin da ya yi daɗi da yawa, ka bar shi. Araha ba ta ado. Sau da yawa an sirka shi da kananzir ko ruwa, kuɗin gyaran famfo ɗaya kuma zai cinye ribar wata shida.

Sai bashi. Matan da ke sayen kifi a bakin ruwa sukan ba da kuɗin mai kafin fita, da sharaɗin kifin nasu ne in an dawo, a farashin da ba kai ka yanka ba. Suna rufa asiri ranar da aljihu ya bushe, ba a musu. Amma ka lissafa ragin da ake yi maka a kowane kwando ka ɗora shi a kan litocin da ka karɓa, sannan za ka san nawa ka sayi man. Mu adashi muka shiga da abin da totur ya tsirar mana, har muka tara kuɗin fita biyu a gefe.

Duk inda ka sayo, kada ka juye shi cikin tanki nan take. Bar duron ya kwana a tsaye, a rufe, a inuwa. Da safe ka zura tiyo har ƙasansa ka zuƙo kaɗan cikin farar kwalba, ka ajiye minti goma. Ruwa ya fi dizal nauyi, in akwai shi za ka gan shi kwance a gindin kwalbar da layi a tsakaninsu. Sai ka zuƙi na sama ta cikin mazurari mai tacewa, ka bar tsawon yatsa huɗu na ƙasan duron don wanke kayan inji.