Yadda Za A Kula Da Iyalan Sojan Da Ya Rasu A Fagen Fama

A kowace ranar 15 ga watan Janairu, wadda ta yi daidai da ƙarshen yaƙin basasa a 1970, ana ajiye furanni a Gusau domin tunawa da mazan jiya. Amma iyalan sojan da ya kwanta dama a dazukan Zamfara suna buƙatar abin da ya wuce bikin yini guda.

Ka fara da zuwa ta'aziyya, ka yi wa mamacin addu'a, kuma ka guji tambayar yadda aka kashe shi, domin wannan tambaya fama ciwo take yi. Idan matar tana takaba, wata huɗu da kwana goma ke nan ba ta da sukunin fita, saboda haka ka tura maiɗakinka da kwanon gero, man gyaɗa da sabulu, ta ce mata, "Yaya, me yara suka rasa?"

Inda aka fi sakaci shi ne takardu. Ka taimaka a adana shaidar rasuwa, lambar aikinsa da takardar magaji a jaka ɗaya, sannan wani dattijo ya raka iyalan bariki neman haƙƙoƙinsa. Kuɗin makarantar marayu kuwa, gara ka kai wa makarantar da hannunka, ba tare da shela ba.