Yadda ake shirya hutun mako guda a jirgin ruwa a Bahar Rum

Wanda zai yi yawon shaƙatawa a jirgin ruwa da fasfon Nijeriya ko na Nijar, daga ranar tashin jirgin yake fara lissafi ya yo baya. Ranar nan ba ta motsawa. Idan biza ta makara, ko jirgin sama ya ajiye ka a Santambul ya ƙi tashi, jirgin ruwan zai kama hanyarsa, kuɗinka kuma sun bi shi. Don haka wata takwas zuwa tara kafin tafiya ne lokacin zama da alƙalami, kuma abin da ake fara yankewa shi ne hanyar da jirgin zai bi, tun kafin a yi maganar kyawun ɗaki ko sunan kamfani.

Ga wanda bai taɓa yi ba, yammacin Bahar Rum ya fi sauƙi. Jiragen suna yin zagayen dare bakwai, suna tsayawa a garuruwa irin su Barcelona a Sifaniya, Marseille a Faransa, Genoa da Naples a Italiya, da Valletta a tsibirin Malta. Duk waɗannan suna cikin yankin Schengen, wato rukunin ƙasashen Turai da ke aiki da biza ɗaya, don haka biza guda ta wadatar. Kakar yawon tana kamawa daga Afrilu zuwa Oktoba. Yuli da Agusta akwai zafi, ga cunkoso, ga tsada, domin lokacin ne Turawa ke hutu. Mayu da Yuni da Satumba sun fi daɗin yawo a ƙafa. Wanda kuma yake son jirgin da ba a sayar da giya a cikinsa, abinci duk halal, ya duba AROYA na Saudiyya, wanda ya fara aiki daga Jidda a watan Disamban 2024.

Karanta jerin tashoshin ɗaya bayan ɗaya, domin a nan tarkon yake. Idan a tsakiyar zagayen jirgin zai leƙa Tunis, ko wata tashar Turkiyya, ko Kotor a Montenegro, to ka fita daga Schengen ke nan, kuma dawowa Italiya washegari sabuwar shiga ce. Bizar shiga sau ɗaya ta riga ta ƙare. Ma'aikatan kamfanin suna duba wannan tun ranar hawa, kuma suna da ikon hana ka shiga jirgin ba tare da sun mayar maka da ko sisi ba. Sai ka nemi bizar shiga sau da yawa, ka haɗa da jadawalin jirgin a takardunka don jami'in ya ga dalili. Kada kuma ka ce ai ba za ka sauka a wancan gari ba: akwai ƙasashen da suke buƙatar biza ga kowane fasinja muddin jirgin ya shiga tasharsu. Tambayi kamfanin, a rubuce, ka faɗa musu irin fasfon da kake riƙe da shi.

Ofishin jakadancin da za ka nufa shi ne na ƙasar da za ka fi daɗewa a cikinta. Idan kwanakin sun zo daidai, sai ƙasar da za ka fara shiga. Jirgin da ke tsayawa a tashoshin Italiya uku, Italiya ce ke da kai ko da a Barcelona za ka hau, sai fa idan ka ƙara wasu kwanaki a otal a Sifaniya har suka rinjaya. Ana karɓar takardu tun saura wata shida tafiya. Kuɗin bizar babba yuro 90 ne tun Yunin 2024, yaro mai shekara 6 zuwa 12 yuro 45, ban da ladan cibiyar da ke karɓar takardu. A ƙa'ida amsa tana fitowa cikin kwana 15, amma tana iya kaiwa 45, kuma samun ranar ganawa kansa yakan ci makonni. Dokar Schengen tana son fasfo ya rage aƙalla wata uku bayan ranar fita, da shafi biyu da ba a taɓa ba; kamfanonin jiragen ruwa kuwa galibi wata shida suke nema, don haka da nasu za ka yi aiki.

Yanzu ga inda biza da kuɗi suke haɗuwa. Ana kama ɗaki da kafin alƙalami, sannan a cika sauran kuɗin saura kwana 60 zuwa 120 tashi, wasu kamfanonin alfarma ma tun kafin haka. Daga ranar cikawa, abin da za a mayar maka idan ka fasa yana raguwa mataki-mataki har ya zama babu. Hana biza ba uzuri ba ne a wurinsu. Dabarar ita ce ka zaɓi farashin da ake mayar da kafin alƙalaminsa ko da ya ɗan fi tsada, ka shigar da takardun biza da zarar an shiga wata shidan nan, yadda amsa za ta fito kafin ranar cika kuɗi. Tikitin jirgin sama ma a kama wanda ake iya sauya masa rana.

Kalmar alfarma tana ruɗin mutane. Manyan jiragen MSC da Costa da Royal Caribbean suna ɗaukar mutum dubu huɗu, biyar, har sama da haka. Akwai wuraren wasan yara da raye-raye, akwai kuma dogon layi a wurin abinci. Farashinsu na farko ƙarami ne, sai a riƙa yankar ka kaɗan-kaɗan: tukuicin ma'aikata da ake ɗorawa kai tsaye, abin da ya kama daga dala 12 zuwa 20 a kan kowane mutum kowace rana, sai kuɗin intanet, lemo da ruwan gora, gidajen abinci na musamman, da motar yawon gari a kowace tasha. Jiragen Silversea da Seabourn da Regent Seven Seas kuwa 'yan ɗaruruwa suke ɗauka, kusan duk ɗakunansu na da faɗi da baranda, kuma tukuici da abin sha suna cikin kuɗin tun farko. Regent har yawon gari yake haɗawa. Viking ba ya ɗaukar wanda bai kai shekara 18 ba, kuma ba gidan caca a jiragensa. Mai iyali da ƙananan yara zai fi jin daɗin ɓangaren keɓe na cikin babban jirgi, kamar Yacht Club na MSC ko The Haven na Norwegian, inda yake da nasa wurin cin abinci da wurin hutawa, yara kuma ba su rasa wurin wasa ba. Kafin ka ce wannan ya fi wancan araha, tara duk ƙananan kuɗaɗen nan na dare bakwai ka ɗora. Farashin da ake tallatawa kuma na mutum ɗaya ne a ɗakin mutum biyu. Wanda zai kwana shi kaɗai yakan biya kusan ninki.

Wajen zaɓen ɗaki, buɗe taswirar benayen jirgin ka duba abin da ke samanka da ƙasanka. Tsakiyar jirgi, a benen da ke ƙasa-ƙasa, nan ne tangaɗi ya fi sauƙi. Goshin jirgi da can sama sun fi jijjiga, kuma tsakanin Marseille da Barcelona iskar da ake kira mistral takan tayar da teku. Ɗakin da ke ƙarƙashin wurin ninkaya zai sha ƙarar jan kujeru tun asuba, wanda ke saman ɗakin kiɗa ba barci sai tsakar dare ya wuce. Mafi kyau ɗakin da ke da ɗakuna a sama da ƙasa. Wasu barandoji kwale-kwalen ceto ne ya tare musu gaba, shi ya sa suke da rangwame. Akwai kuma farashin da kamfani ke zaɓar maka ɗaki da kansa. Mai saurin jiri ya bar shi.

A isa garin da za a hau jirgin aƙalla kwana guda kafin ranar, biyu ma ya fi ga wanda ya taso daga Kano ko Yamai, tunda sai an ya da zango a Santambul ko Alƙahira ko Kasablanka, kuma a wurin canjin jirgi ne jakunkuna suka fi ɓata. Wanda jirgin ruwansa zai tashi daga "Rum", babban birnin Italiya, ya sani cewa tashar tana Civitavecchia, tafiyar sama da awa guda daga birnin. Haka "Venice" a takarda ba lalle Venice ba ce: tun Agustan 2021 aka hana manyan jirage ratsa tsakiyar garin, wasu a Trieste ko Ravenna suke tsayawa. A cikin jirgin sama a riƙa miƙewa ana ɗan takawa, a sha ruwa sosai, domin dogon zama kan sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa. Mai juna biyu, ko wanda ya taɓa samun wannan matsala, ya ga likita kafin tafiya. Katin allurar shawara ya zauna tare da fasfo.

Inshorar da biza ke nema, ta yuro 30,000, ita ce mafi ƙarancin abin da doka ta yarda da shi. Asibitin cikin jirgi na kuɗi ne, da farashin asibitin kuɗi na Turai, kuma idan ciwo ya fi ƙarfinsu sauke mutum suke yi a tasha mafi kusa. Nemi inshorar da ta ambaci tafiyar jirgin ruwa da sunanta, wadda ta ƙunshi ɗauke majinyaci da mayar da shi gida, da kuma fasa tafiya. Yawancin kamfanoni ba sa ɗaukar matar da cikinta zai kai mako 24 a lokacin tafiyar, ko jaririn da bai kai wata shida ba.

Haɗa kaya yana da nasa abin lura, musamman ga mutanenmu. Wuta ce babbar fargabar masu jirgi, don haka kasko da gawayi da turaren wuta ba sa shiga, haka dutsen guga da butar dafa ruwa. Na'ura za ta gan su a jaka, a riƙe har ranar sauka. Humra da turaren fesawa sun wadatar. Kilishi da dambun nama kuma tun a filin jirgin sama za a ƙwace su, domin Tarayyar Turai ta hana matafiya shigo da nama da madara daga waje. Ƙaramar butar roba ta alwala tana da amfani, sai dai masan jirgi da iska yake zuƙa ta siririn bututu, duk abin da ba takardar da suka ajiye ba zai toshe layin ɗakuna da yawa. Daren da jirgi ya ware don a ci ado, babbar riga ko kaftani mai kyau da hula, ko leshi da ɗauri, sun cika sharaɗi.

Abincin halal ana nemansa tun lokacin kama ɗaki, ko aƙalla wata biyu kafin tashi, saboda kafin jirgi ya bar tasha ake lodin nama. Ba kowane kamfani ke iya samarwa ba. A daren farko ka gana da shugaban masu hidimar ɗakin cin abinci, ka gaya masa ba alade, ba giya ko a miya ko a kayan zaƙi. Zai riƙa kawo maka jerin abincin gobe ka zaɓa tun yau. Kifi da ganye ba sa yankewa. Alƙibla kuwa tana sauyawa da juyawar jirgi, kuma ƙarfen jirgin yana rikita kamfas ɗin waya. Talabijin ɗin ɗaki tana da tashar da ke nuna taswira da inda jirgin ya dosa. Daga yammacin Bahar Rum alƙibla tana gabas ne da ɗan karkata kudu, sai a kwatanta da wannan. Lokutan salla a ɗauko na tashar da aka fi kusa da ita.

A cikin jirgi ba a ciniki da tsabar kuɗi. Katin ɗakinka shi ne mabuɗi, shi ne shaida, shi ne kuma aljihu, ana ɗaure shi da katin banki ranar hawa, su riƙe wani adadi a matsayin jingina. Katin naira yakan ci karo da iyakar kashewa a waje, don haka a tanadi katin asusun dala, ko a ajiye tsaba a teburin masu kuɗi. Wanda ya shiga Tarayyar Turai da tsabar yuro 10,000 ko sama dole ya bayyana wa kwastan. Da jirgi ya bar gaɓa a kashe layin waya, domin tana kama na jirgin ta tauraron ɗan'adam, wanda kuɗinsa ba kaɗan ba ne.

Ranar hawa 'yan dako za su karɓi manyan jakunkuna, ba za ka sake ganin su ba sai yamma. Fasfo, magunguna, caja da kayan canji guda su zauna a jakar hannu. Kafin tashi akwai atisayen ceto, inda kowa zai san wurin taruwarsa da yadda ake sa rigar ceto. An tsaurara wannan doka bayan kifewar Costa Concordia a gaɓar tsibirin Giglio a Janairun 2012, inda mutum 32 suka rasu. Ka je da kanka, ka kai yaran su ga hanyar da idonsu.

A kowace tasha ana rubuta lokacin dawowa a bakin ƙofa, galibi rabin awa kafin tashi, kuma da agogon jirgi ake aiki. Idan motar yawon da kamfanin ya shirya ta makara, jirgi zai jira ta. Idan tasin da ka ɗauka da kanka ce, jirgi zai tafi ya bar ka, wakilin kamfanin a tashar ne zai tarbe ka, ka nemi hanyar cim ma jirgin a gari na gaba da kuɗinka. Wurare masu nisa, kamar Rum daga Civitavecchia ko Florence daga Livorno, a bi motar kamfani. Valletta da Barcelona kuwa mutum na iya yawonsa shi kaɗai, ya nufo tasha saura awa ɗaya da rabi, da lambar wakilin tashar a aljihu, wadda ake bugawa a takardar shirin ranar.

Daren ƙarshe ana ajiye jakunkuna a ƙofar ɗaki kafin a kwanta, don haka a ware kayan da za a sa da safe. A duba lissafin kuɗi a daren, a gyara kuskure tun ana cikin jirgi, domin da safe layin teburin yakan yi tsawo. Sauka takan ɗauki daga ƙarfe bakwai zuwa goma, saboda haka kada jirgin sama na komawa gida ya tashi kafin azahar, kuma a tabbatar kwanakin bizar sun rufe har da kwana ɗaya ko biyu bayan ranar.