Yadda ake tayin waya a gwanjon intanet

Kafin komai, ka leƙa kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano ka ji nawa ake sayar da irin wayar a hannu. Daga nan ka yanke iyakar abin da za ka biya, har da kuɗin aike, ka rubuta shi a takarda.

Sai ka nemi mai kaya ya turo bidiyon wayar a kunne, ya danna *#06# lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, ta fito, ka ga ko ta dace da ta jikin kwali. In ya fara kame-kame, ƙyale shi.

Kar ka yi gaggawar tayi. Tayin wuri farashi kawai yake tayarwa. A shafin gwanjo na eBay iyakarka kake sakawa, manhajar ta riƙa ƙara maka tayi kaɗan-kaɗan, shi ya sa gogaggu ba sa shiga sai saura daƙiƙu. Ka kuma ɗora ɗan canji: naira 80,200 ta kayar da mai 80,000. Da an wuce iyakarka, janye.

Kai kuma mai kaya, faɗi aibin kayanka tun farko, ko da 'yar tsagewar gilashi ce. Kada ka sa abokinka tayin ƙarya don farashi ya hau, Musulunci ya hana. Lokaci na cika ka sallama wa wanda ya fi tayi, ka aika kayan ranar da ka ambata.