Idan Bindigar Farauta Ta Ƙi Tashi

Bindigata mai baki ɗaya ce, irin wadda ake karyawa a sa harsashi mai lamba 12. Da lasisinta nake fita farautar zabin daji da kirinjijiya a fadamar Argungu, don dokar bindigogi ta 1959 tana nan daram kan duk wanda ya riƙe makami babu takarda. Tun da nake da ita, babu abin da ke tsinka mini zuciya kamar in ja kunama in ji "ƙyas" kawai.

In haka ta same ka, ɗan'uwa, kada ka karya ta nan take, kada kuma ka juyo bakinta ka leƙa. Bar ta a kafaɗa, bakin yana kallon inda ka auna, ka ƙirga talatin a hankali. Harsashin da ya sha laimar damina yakan yi jinkirin kamawa, ya tashi bayan ka ɗauka ya mutu. Na gani da idona a bakin gonar shinkafa. Abokin farautata ya sauke tasa yana tsaki, sai ta tashi ta tone ƙasa dab da ƙafar karensa. Har muka dawo gida bai ce uffan ba.

Bayan ka gama ƙirga, karya ta, ka zare harsashin, ka dubi gindinsa. In allurar bindiga, wato ƙarfen da ke bugun gindin harsashi, ta lotsa shi sosai, laifin harsashi ne, ware shi daban, kada ya koma jaka. In ɗan tabo ne kawai, ko babu ma, to allurar ce ba ta isa. Da hunturu yawanci ƙura ce ta haɗu da mai ta zama kamar kunu a raminta. Mutanenmu na son zumbuɗa wa bindiga mai, wasu har man gyaɗa, wanda ke daskarewa ya yi danƙo. Goge da busasshen tsumma, ka ɗiga man bindiga ko na keken ɗinki kaɗan, shi ke nan.

Akwai wadda ta fi wannan haɗari: bindiga ta tashi da ƙara mai rauni, kafaɗarka ba ta ji bugu ba. Tsaya! Wataƙila toshiyar da ke cikin harsashi ta maƙale a bututu. Cire kwanson, ka ɗaga bututun sama ka leƙa ta baya, sai ka ga haske fes kafin ka sake ɗurawa. Haka ma in ka zame a fadama bakin ya taɓa laka. Ɗan taɓo kamar goro ya isa ya fasa bututu a hannunka.

Kwanson da ya ƙi fita bayan harbi, sau da yawa tsatsa ce ko datti a mazauninsa. Zura sanda miƙaƙƙiya ta baki ka turo shi, sannan ka goge wurin. Amma in harsashi mai rai ne ya maƙale, kada ka buga masa komai, ka kai ta wurin mai izinin gyara. Haka nan in allura ta karye ko makullin da ke riƙe bututu ya fara girgiɗi.

Ni da na dawo gida nakan cire harsashi tun daga ƙofa, in kulle bindiga a akwati, harsasai kuma a gwangwani mai murfi can saman kabad, inda laima da hannun yara ba sa kaiwa.