Yadda Ake Zaɓen Majigi Mai Sauƙin Kuɗi Don Kallon Fim a Gida

Dattawan garinmu, nan gefen Ringim, in ka ce majigi, motar gwamnati suke tunawa, wadda takan zo bayan isha'i a kafa farin ƙyalle a ƙofar gidan dagaci, gari ya fito kaf. Yau majigin ya ƙanƙance, wani bai fi kwanon sha ba, kuma kuɗin ƙananan bai kai na talabijin mai inci 43 ba. Sai dai kasuwarsa cike take da kura da fatar akuya. Na farko da na saya wata biyu ya yi ya zama abin wasan yara. Na biyun ne ya zauna, kuma a tsakaninsu na koyi abin da zan faɗa maka.

Kafin ka shiga motar Kano, zauna ka lissafa wutarka. Wannan shi ne matakin farko, shi ne kuma wanda kowa ke tsallakewa. Majigi iri biyu za ka tarar. Akwai manyan na hannu, irin su Epson da BenQ da aka kwaso daga ofisoshi da makarantun Turai, masu amfani da ƙwan fitila. Haskensu ba a magana, amma suna shan wat 250 zuwa sama da 300, ƙwan yana da iyakar rai na 'yan dubban awanni, kuma ba ya son a ɗauke masa wuta bagatatan, domin fankarsa na buƙatar ta ci gaba da juyawa ta huce shi bayan an kashe. Akwai kuma ƙananan masu fitilar LED, da ke shan kamar wat 40 zuwa 100.

Ga lissafin. Batirin sola mai bolt 12 da amfiya 100 yana ɗauke da wat 1,200 na awa ɗaya, amma in irin mai ruwa ne, rabi kawai ya kamata ka ja in kana son ya yi ƙarko, wato 600. Majigi mai shan 60 da sifika mai shan 20 za su kai ka wajen awa 6 bayan inbata ta ci rabonta. Mai ƙwan fitila kuwa ko awa 2 ba zai cika ba, fim ɗin Indiya bai kai ƙarshe ba sai ka ji inbata na kuka. Don haka in sola gare ka, ko ƙaramin janareta, tsaya a kan LED. Mai ƙwai sai mai gidan kallon ƙwallo da ke da babban inji.

Na biyu, haske, kuma a nan ne ake cin mutane. Za ka ga an rubuta ƙarfin haske lumen 9,000 ko 12,000 a jikin kwalin abin da bai fi tafin hannu biyu ba. Kar ka kula. Lambar da ake dogara da ita ita ce wadda aka rubuta ANSI ko ISO a gefenta, domin ita ce ma'aunin hasken da ya isa bango. Yawancin masu arahar nan ainihin haskensu tsakanin ANSI 100 ne da 300. A ɗaki mai duhu, 200 zuwa 300 ya ishe ka hoto mai inci 80 mai kyau. In a tsakar gida za ku riƙa kallo, nemi wanda ya fi haka. Kallon rana kuwa cire shi daga ranka. In mai shago ya kasa nuna maka inda aka rubuta ANSI, ɗauka hasken kaɗan ne.

Na uku, tsabtar hoto. Kalmomi biyu za ka nema a kwali. "Support 1080p" ko "Support 4K" na nufin yana karɓar fim ɗin ne kawai, sai ya matse shi zuwa ƙarfinsa. Ƙarfin nasa na gaskiya shi ne lambar da ke gaban kalmar "native". Kar ka sauka ƙasa da 1280 x 720. In aljihu ya kai 1920 x 1080, madalla. Ɗan mitsitsin nan mai launin rawaya da fari, YG300, 320 x 240 ne, ko rubutun fassarar da ke ƙasan fim ba za ka iya karantawa ba.

Sai ka auna ɗakin. Hoto mai inci 100 faɗinsa wajen mita 2.2 ne, tsayinsa mita 1.25, kuma yawancin ƙananan majigi na son tazarar kusan mita 3 kafin su cika shi. Ɗaki mai ƙafa 12 yana ɗauka da ƙyar, in ka cire gado da kabad. Ni dai inci 80 na fi so, domin duk yadda ka faɗaɗa hoto haka haskensa ke rarrabuwa.

Yanzu ramukan bayan majigin. Lallai ya kasance da HDMI, don haɗa dikodar Startimes ko ta tauraron da kuke kama Arewa24 da ita, da USB na filas, da ramin sifika ko Bluetooth. Sifikar cikinsa ba ta wuce ta waya da komai ba, ga fanka na huci a kanta, don haka ware kuɗin sifika tun daga gida, tare da na sitabilaiza da wayar HDMI. Masu Android a ciki suna da daɗi in kana da data da sabis mai ƙarfi. In sai ka hau tudun bayan gari kake samun sabis, kar ka ƙara ko sisi saboda wannan, ai fina-finanmu daga shagon masu turawa muke karɓowa.

To, ranar saye. Ko Farm Centre ka nufa, ko Beirut Road, ko kasuwar Sabon Gari, tafi da filas ɗinka da fina-finai uku ko huɗu daga wurin da ka saba karɓa: na Hausa, fassarar Indiya, da na Turawa. Dalili kuwa, da yawa daga ƙananan majigi ba sa karanta sautin Dolby, sai hoto ya riƙa tafiya shiru kamar na bebaye. Haka na farkon nawa ya yi mini, an shimfiɗa tabarmi, yara sun jeru, Inna ta gyara zama, can ta ce, "Kai, ɗan nan, mutanen naka azumin magana suke?"

A shago kar ka yarda da gwajin minti biyu. Ce masa, "Alhaji, a bar shi ya yi minti ashirin, ba sauri nake ba." Sa a haska farin hoto zalla ka duba ko akwai ɗigon baƙi, wanda ƙura ce a ciki, ko tabon rawaya, alamar zafi ya fara cin gilashin. Murɗa abin saita ido har tsakiya ta fito tas, sannan kalli kusurwoyi huɗu. Ɗan dusashewa ba laifi, amma in rubutu ba ya karantuwa a gefe, ajiye. Taɓa jikinsa, saurari fankar, gwada rimot. In na hannu ne mai ƙwai, shiga saitinsa ka ga awannin da ƙwan ya ci, ka tambayi kuɗin sabon ƙwai kafin a yi ciniki. Wanda aka gwada shi za a saka maka a kwali a gabanka, a rubuta rasiti da yawan kwanakin da za ka iya dawo da shi. Ta intanet ma ana samu, a Jumia ko Jiji, amma daga ƙauye mayar da kaya wahala ce mai zaman kanta.

Tambaya ɗaya da ba a cika yi ba: madubansa a rufe suke ruf, ko ƙura na shiga? Mu da ke shan hazon hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sannan zafin Afrilu da ke haura digiri 40, wannan ba ƙaramin abu ba ne. In ba rufaffe ba ne, a ƙalla ya kasance da ragar tace ƙura da ake zarewa a kakkaɓe.

Allo kuwa kar ka kashe masa kuɗi. Bangon da aka yi wa filasta da farin fenti marar ƙyalli ya wadatar. In ginin ƙasa ne, ɗaura farin yadi mai kauri a kan katako ka ja shi ya miƙe sosai, ban da shadda, sheƙinta na dawo da haske ido. Ɗora majigin a tebur daidai tsakiyar allon, nesa da katifa da labule don ya sha iska. Da damina, in a waje kuke, kunna wata 'yar fitila can gefen katanga ƙwari su tafi wurinta, in an tashi kuma a bar shi ya huce, a mayar da murfin idonsa, a sa shi a kwalinsa a ɗora saman kabad inda hannun yara bai kai ba.