Zobo a famfo: abin da na koya daga maƙwabcina mai haɗa giya a gareji

Salamu alaikum 'yan uwa sababbin zuwa Amurka, barkanku da sauka. Akwai abin da za ku yi ta gani a gidajen maƙwabta da abokan aiki wanda gara ku san shi tun yanzu: firiza mai murfi a gareji, an huda gabanta an jera famfuna, ga ɗan allo a bango yana nuna sunaye da lambobi. Giya ce suke haɗawa da kansu, kuma doka ta yarda musu, tun 1978 shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a kai, baligi ɗaya galan 100 a shekara, gida mai manya biyu ko fiye galan 200, amma na sha ne kawai ba na sayarwa ba. Jihohin Alabama da Mississippi su ne na ƙarshe da suka amince a 2013. To ranar da maƙwabcina ya fara nuna min nasa na ce masa ni Musulmi ne ba na sha, ya ce ba komai, bai sake miƙo min ba har yau. Ku ma haka za ku yi, ku faɗa sau ɗaya a fili da fara'a, yawancinsu suna girmama wannan.

Amma ni idona na kan tulun ƙarfen da yake zuba abin shan a ciki ne. Suna ce masa keg, irin na kamfanin Cornelius, yana cin galan 5 wato kusan lita 19, kuma asalinsa ma na lemon kwalba ne, kamfanonin Pepsi da Coca-Cola da shi suke kai lemo gidajen abinci kafin su koma jaka a cikin kwali, sai masu giyar gida suka kwashe tsofaffin. Nan take na tuna wahalar da muke sha duk Ramadan da ranar suna, a cika robobi da zobo, firij ya ƙi rufuwa, yara su zubar, baƙi na tsaka da sha a ce ya ƙare kunya ta kama mai gida. Na ce wallahi wannan ai na zobo ne.

Na sayi tulu biyu sababbi don hankalina ya kwanta. Na hannu sun fi araha a shafukan saye da sayarwa na Facebook Marketplace da Craigslist amma ku tambayi me aka zuba a ciki, ku canza duk robobin bakin domin su ke riƙe wari, in zuciya na wasiwasi a tambayi malam. Kuma in za ku karɓi kaya wurin wanda ba ku sani ba ku haɗu da rana a wajen da jama'a suke. Abu ɗaya da ke rikita mutane, bakin tulun iri biyu ne, na Pepsi mai 'yan ƙwallaye da na Coca-Cola mai 'yan ƙusoshi, kan wannan ba ya shiga wancan, sai ku tsaya a kan iri ɗaya. Sauran kayan: tukunyar iskar CO2 ƙarama wadda ke tura abin sha zuwa famfo, da kan tukunyar mai agogon nuna matsi, tiyo na abinci, famfo, da firiza da aka haɗa wa na'urar Inkbird mai kashe ta tana kunnawa don kar abin ya daskare. Ku ɗaure tukunyar gas ɗin a tsaye, kar a ajiye ta a ɗakin kwana ko ƙuntataccen wuri mara iska. In gidan haya kuke ku duba takardar haya tukuna, kuma wutar nan 120 ce, kayan lantarkin da kuka taho da su daga gida na 220 ba za su yi aiki daidai ba.

Yanzu maganar allo da ma'auni, wanda shi ne ya fi burge ni. Tulu ƙarfe ne ba ka ganin ciki, in ba ka ɗaga ba ba ka san saura nawa ba, ga shi cike ya haura kilo 20. Hanya biyu ce. Wasu suna sa ɗan ma'aunin gudun ruwa a jikin tiyo yana ƙirga abin da ya wuce, akwai ma manhaja kyauta RaspberryPints da aka yi don haka a kan 'yar kwamfutar Raspberry Pi. Ni ban bi nan ba, don zobonmu da citta da kanumfari komai tacewa sai ya bar gari, 'yar farfelar da ke ciki za ta maƙale, ga wahalar wanki. Sikeli na bi, tunda shi ba ya taɓa abin sha sam.

Ga yadda yake. Irin 'yan ƙarafan nan huɗu da ke ƙarƙashin sikelin awon mutum, kowanne na ɗaukar kilo 50, ka kafa su a kusurwa huɗu na katako, ka ɗora wani katakon a sama, wayoyinsu su shiga ɗan allon HX711 wanda ke mai da nauyi lamba, shi kuma ya miƙa wa ESP32, wani ɗan abu kamar kwalin ashana mai wayifai a jikinsa. Ka ɗora tulu ba komai ka ce masa nan ne sifili. Sai ka ɗora abin da ka san nauyinsa, galan ɗaya na ruwa kilo 3.78 ne, ka gyara lissafin har ya faɗi daidai. Zobo mai sukari ya ɗan fi ruwa nauyi, don haka na auna lita ɗaya tawa a sikelin kicin na yi amfani da wannan lambar.

Inda na sha wuya shi ne sanyi. Na daidaita sikelin a falo, na sa shi a firiza, da safe allo ya nuna wai lita ta ragu alhali ba wanda ya taɓa famfo, har na fara leƙa ko tiyo ne ke yoyo. Maƙwabcin nan ne ya zo ya tsuguna ya ce ƙarafan suna canza karatu in zafi ya canza, in bar sikelin ya kwana a ciki sannan in daidaita shi a can. Haka aka yi kuwa ya zauna. Sannan raɓa tana taruwa a ƙasan firiza, saboda haka ESP32 ɗin na fito da shi waje cikin 'yar roba mai murfi, waya kawai ke shiga. A kula kar tiyo ya ja tulun ko ya jingina da bango, nan ma karatu zai karkace.

Allon kuwa tsohuwar tablet ce da yara suka gaji da ita, na manna a bangon kicin tana buɗe shafin da ESP32 ke fitarwa. Da Hausa na rubuta komai: Famfo 1, zobo mai citta, saura lita kaza, kofi kaza. Famfo 2, tsamiya. Wata Hajiya da ta zo suna ta tsaya tana karantawa da ƙarfi tana dariya, ta ce ɗana ashe na'ura ma ta iya Hausa, abin ya yi min daɗi ƙwarai.

Amma layin da ya fi muhimmanci a allon shi ne ranar da aka zuba da kuma sanyin firiza, na sa ɗan ma'aunin zafi DS18B20 na manna a jikin tulu. Dalili, ruwa da sukari in suka samu ɗumi da yis da kansu za su fara juyawa zuwa giya, haka maƙwabcin yake yin tasa. Mu da muke sa ɓawon abarba a zobo mu fi kowa kiyayewa, don 'yan Meziko da ɓawon abarba da sukari suke tsima abin shansu tefache. Ku tafasa ɓawon tare da zobon, kar a jefa ɗanye daga baya, a tace sau biyu da kyalle, a wanke tulu a kashe ƙwayoyin cuta da maganin Star San, a riƙe sanyi ƙasa da digiri 4, wato 40 a ma'aunin Farenhait da suke amfani da shi a nan. Ni ba na barin nawa ya wuce sati, allon yana yin ja a kwana na 6. In kun ji wari ya canza ko tsami ya yi kaifi a zubar kawai. Ƙananan kumfa kuwa daga gas ne, in ya zauna a matsi PSI 10 zuwa 12 a agogon tukunyar na 'yan kwanaki zobon zai riƙa ɗan tsatsa a harshe, yara ma sun fi son sa haka. Kunun aya da fura kar ku gwada, suna kwantawa su toshe bututu kuma ba sa jimawa.

Tunda muna kan maganar, a kanti ku lura da kalmar hard a jikin gwangwani, hard cider, hard lemonade, hard seltzer duk giya ne. Root beer na yau da kullum lemo ne duk da sunansa. Wanda aka rubuta non-alcoholic doka ta ba shi dama ya ƙunshi ƙasa da kashi 0.5 cikin ɗari, a karanta da kyau. Zoɓorodo kuma ba sai an aiko muku daga Kano ba, ku shiga shagon 'yan Meziko ku ce jamaica, da ha ake furtawa, hamaika, a shagon 'yan Karebiyan sorrel, wajen 'yan Senegal bisap, 'yan Sudan karkade.

Mutane za su ce ku sayar musu, tabbas za su ce. Kafin ku karɓi ko dala ɗaya ku je ofishin lafiya na ƙaramar hukumarku ku tambaya, kowace jiha da dokarta kan abincin da aka yi a gida, kuma abin sha mai buƙatar firij galibi sai da lasisi da kicin da aka duba. Ni kyauta nake kaiwa buɗa-baki a masallaci, in cire tulu ɗaya in sa a babban bokiti da ƙanƙara, ɗayan ya zauna a gida kan sikelinsa.